Ƙariya: Itaciyar da Ke Fure a Tsakiyar Rani

Ƙariya gajeruwar itaciya ce mai kaurin gindi da taushin jiki, wadda ke fitowa a busassun yankunan Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Masana tsirrai suna kiran ta Adenium obesum, masu cinikin furanni a duniya kuma sun laƙaba mata suna wardin hamada, ko da yake ba ta haɗa dangi da wardi ba ko kaɗan. A daji tsayinta yakan kai mita 1 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka. A cikin tukunya kuwa da wuya ta wuce ƙugun babban mutum. Abin da ya sa ake dasa ta shi ne lokacin furenta. A ƙasashe masu dogon rani takan cika da fure ne sa'ad da ciyawa ta bushe ƙarau, yawancin itatuwa sun kakkaɓe, ita kanta sau da yawa babu ganye ko ɗaya a jikinta.

Duk wanda zai kula da ita, gindin nan ne abu na farko da ya kamata ya fahimta. Ba katako ba ne irin na marke ko ƙirya. Nama ne mai laushi, cike da ruwa, wanda wuƙa ke ratsawa ba tare da wahala ba, kuma a cikinsa shukar ke tara abin da za ta rayu da shi tsawon wata bakwai ko takwas da ba a ruwan sama. Mai kallo zai ce ƙaramar kuka ce ta tsuguna, kuma lallai dabarar rayuwarsu ɗaya ce. Ɓawonta santsi gare shi, launinsa toka-toka, a sabbin rassa kuma kore-kore. Ganyen yana taruwa ne a ƙarshen reshe, mai kauri da sheƙi, tsawonsa santimita 5 zuwa 15, faffaɗa a baki, siriri a wajen tushe. Furen yana da dogon wuya wanda ke buɗewa ya rabu gida biyar, faɗinsa kamar santimita 5. Gefensa ja ne ko ruwan hoda, cikinsa kuma fari-fari. Ba shi da wani ƙamshi na a zo a gani. Launi kawai yake sayarwa.

Asalinta da yaɗuwarta

Ana samun ƙariya a daji tun daga Senegal da Muritaniya, ta biyo ta Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi da Sudan, ta gangara Habasha, Somaliya, Kenya da Tanzaniya, sannan ta tsallaka teku zuwa Yemen, Oman da kudu maso yammacin Saudiyya. Wuraren da ta fi so su ne gefen tsauni, tsakanin duwatsu, da jigawa inda ruwa ba ya kwanciya. Sunan hamada da aka liƙa mata yana ruɗar mutane da yawa. Ba a tsakiyar rairayin Sahara take fitowa ba. Shukar Sahel ce da busasshen daji, inda ake sheƙa ruwa na 'yan watanni, ƙasa ta tsotse shi nan da nan, sannan a ɗauke ƙafa sai baɗi. Wanda ya ɗauka ba ta son ruwa sam zai bar ta ta tsumbure, wanda kuma ya ba ta ruwa kullum kamar alayyafo zai kashe ta.

Bature na farko da ya bayyana ta a rubuce ta hanyar kimiyya shi ne Peter Forsskål, ɗan ƙasar Suwidin kuma almajirin masanin tsirrai Linnaeus. Yana cikin ayarin masanan da sarkin Denmak ya tura ƙasar Larabawa a 1761. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Yarim na Yemen a 1763, kuma Carsten Niebuhr, wanda shi kaɗai ya koma gida da rai daga ayarin, shi ya buga rubuce-rubucensa a 1775. Forsskål ya sa ta cikin jinsin Nerium. A 1819 ne wasu masana tsirrai biyu, Roemer da Schultes, suka ware mata jinsi nata na kanta, wato Adenium. Ta Afirka ta Yamma an daɗe ana kiran ta Adenium honghel a tsofaffin littattafai kafin a gane cewa ita ce dai obesum.

Tana da 'yan'uwa a wasu wurare. Ta tsibirin Sokotra ita ce ƙatuwar cikinsu, faɗin gindinta yakan kai mita 2. A kudancin Afirka akwai multiflorum da swazicum, a Namibiya da Angola akwai boehmianum, a Somaliya somalense, a ƙasar Larabawa kuma arabicum, wadda masu tara shuke-shuke ke so saboda faɗin gindinta da yawan rassanta. Daga haɗa waɗannan da juna, da kuma zaɓen mafi kyau cikin dubban 'ya'yan obesum, aka samu nau'o'in da ke kasuwa yau: fari fat, ja wur, rawaya, mai zane-zane, da mai ninki biyu ko uku. Manoman Tailan da Taiwan ne suka fi kowa aiki a kan wannan. A Amurka ma wani masani mai suna Mark Dimmitt, wanda ya yi aiki a gidan adana tsirrai da dabbobin hamada da ke Tucson a jihar Arizona, ya haɗa obesum da swazicum ya fitar da wani ja da ake kira Crimson Star. Shukar Afirka ce, amma yanzu irinta mai tsada daga Asiya ake odarsa, har da masu lambun furanni na Afirka.

Dafin da ke jikinta

Ƙariya dangin tumfafiya ce da kwankwani, kuma duk wanda ya san abin da maharba ke yi da kwankwani ba zai yi mamakin abin da ke biye ba. Ko'ina a jikinta akwai dafi: saiwa, ɓawo, ganye, da ruwa mai danƙo da ke tsiyaya idan an yanke ta. An gano sinadarai kusan 30 a cikinta waɗanda ke aiki kai tsaye a kan zuciya, ajinsu ɗaya da maganin digoxin da likitoci ke bayarwa a ƙayyade ga masu ciwon zuciya. Suna hana ƙwayoyin tsokar zuciya daidaita gishirin da ke shiga da fita cikinsu. Kaɗan yana ƙara ƙarfin bugu, da yawa kuma yana hargitsa shi har zuciya ta tsaya. Alamomin farko su ne tashin zuciya, amai, gudawa, jiri, da bugun zuciya a hankali ko ba bisa tsari ba.

Al'ummomi da dama a Afirka sun dafa ruwan jikinta sun shafa wa kibau, cikinsu har da Hadza na Tanzaniya, haka ma maharban Namibiya da tasu boehmianum. An kuma yi amfani da ita wajen kashe kifi a tafki, kuma gwaje-gwajen da likitocin dabbobi suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna ƙarfin ɓawonta a kan tarwaɗa. Masu maganin gargajiya a Sahel da gabashin Afirka suna amfani da ita wajen kashe ƙwarƙwata da ƙwarin fatar raƙuma da shanu. Wannan ba dalili ba ne na a jiƙa ta a sha, ko a ɗiga ruwanta a haƙori mai ciwo kamar yadda ake yi a wasu wurare. Tazarar da ke tsakanin abin da zai yi magani da abin da zai yi kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ba a auna ta da ludayi.

A aikace, abin da ake buƙata kaɗan ne. A sa safar hannu ko leda lokacin yanka, kada a taɓa ido, a wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan an gama. Rassan da aka datse kada a zuba su inda awaki da tumaki ke kiwo, kada kuma a sa su a murhu. A gidan da ke da yara masu rarrafe, tukunyar ta zauna inda hannunsu ba zai kai ba. Idan yaro ya tauna wani ɓangare nata, asibiti za a nufa nan take, tare da guntun shukar don likita ya gani.

Wuri, tukunya da ƙasa

Ƙariya shukar rana ce. Tana buƙatar aƙalla awa 6 na rana kai tsaye kowace rana kafin ta yi fure yadda ya kamata. A inuwa ba ta mutuwa da wuri, amma rassanta sukan zama sirara dogaye, ganye ya yi yawa, fure ya ƙi zuwa. Saboda haka falo ba wurinta ba ne. Ana iya shigar da ita kwana biyu don ado, sannan ta koma waje. Wadda aka saya daga ƙarƙashin rumfar mai sayar da furanni ita ce ke buƙatar lallami: a fara ba ta ranar safe na mako ɗaya ko biyu kafin a bar ta a fili, in ba haka ba ganyenta zai ƙone. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙananan shuke-shuke sukan ji daɗin 'yar inuwa daga azahar zuwa la'asar. Manya ba ruwansu.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi, ruwa yana fita ta jikinta, kuma ba ta dafa saiwa kamar baƙar roba a rana. Mai faɗi marar zurfi, wato irin kasko, ta fi dacewa da yadda saiwar ke bazuwa. Lallai ne a huda ta a ƙasa, huda babba ko da yawa, a kuma ɗora ta a kan bulo ko duwatsu don kada hudar ta toshe. Kada tukunyar ta fi shukar girma da yawa, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana daɗewa a jiƙe. Al'adar jera tsakuwa a ƙasan tukunya kafin a zuba ƙasa ba ta da amfanin da ake zato; gara a cuɗa tsakuwar cikin ƙasar baki ɗaya.

Haɗin ƙasa mai kyau shi ne kashi 2 na yashin rafi mai ƙananan tsakuwa, kashi 1 na ƙasar lambu marar yumɓu, da kashi 1 na tsohon taki da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Idan aka ƙara dakakken gawayi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa, ya fi. Rairayi mai laushi ƙwarai ba ya maye gurbin yashin rafi, don yana danƙarewa ya hana iska shiga. Manoman Asiya suna amfani da gutsattsarin ɓawon kwakwa, na Amurka kuma da dutsen aman wuta mai huhu, duk dai manufar ɗaya ce. Gwajin ba wuya: a cika tukunya, a zuba ruwa, a duba. Idan cikin 'yan daƙiƙu ya fara zuba ta ƙasa, haɗin ya yi. Idan ya kwanta a sama yana jira, a ƙara yashi.

Wanda zai dasa ta a ƙasa ya tara tudu kamar taƙi ɗaya ko biyu, ya dasa a kai. Wurare uku ne ke kashe ta a cikin gida: ƙarƙashin indararo, bakin rariya, da gefen inda ake alwala ko wanke-wanke. Ƙasar waɗannan wurare ba ta bushewa, ko da samanta ya yi kamar ya bushe.

Ban-ruwa

A nan ne yawancin ƙariya ke mutuwa, kuma kusan kullum a hannun mai ƙaunarta. Ƙa'idar ita ce a ba ta ruwa sosai har ya zuba ta ƙasan tukunya, sannan a ƙyale ta sai ƙasar ta bushe. Yayyafi kaɗan-kaɗan kowace safiya shi ne mafi muni, domin yana jiƙa wuyan gindi kullum, saiwar ƙasa kuma ba ta samu ba. Kafin a sake zuba ruwa, a tura yatsa ko tsinke cikin ƙasar zurfin gaɓa biyu. Idan ya fito da danshi, ba yau ba.

Yawan kwanakin da ke tsakani ya danganta da lokacin shekara. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, shukar tana aiki da ƙarfinta, tana fure tana toho, kuma tukunyar ƙasa a rana tana iya bushewa cikin kwana 2 ko 3. A wannan lokaci ƙariya mashayiya ce, kuma hana ta ruwa yana rage fure. Da hunturu kuwa takan yi barci. Ganye ya yi rawaya ya zube, girma ya tsaya, saiwa ta daina tsotso. Wannan ba ciwo ba ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ga ganye na zuba a ƙara ruwa. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, babba ma tana iya wuce wata ba ta sha ba. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, musamman idan ƙasarta a jiƙe take, don haka a wurare irin su Jos ko Agadas a bar ta a bushe a jingine ta jikin bangon da rana ke duka.

Littattafai da shafukan intanet na Turai da Amurka sun fi ba da ƙarfi a kan sanyi, saboda a can sai an shigar da ita ɗaki watanni da dama. A ƙasar Hausa babban haɗarin ba nan yake ba. Marka ce, wato kwanakin Agusta da ake wuni ana yayyafi, rana ba ta fita, ƙasa ba ta samun sararin bushewa. Ruwan sama mai ƙarfi da rana ke biyo bayansa ba ya yi mata komai, yana ma ƙara mata girma. Amma kwana huɗu ko biyar a jere cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya isa ya fara ruɓar da saiwa. Idan marka ta kama, a ja tukwane ƙarƙashin baranda ko rumfar kwano inda haske ke shiga, a cire duk wani faranti da ke tare ruwa a ƙasansu. A kudu, inda damina ta fi tsawo, wannan ya zama aikin watanni. Wadda aka dasa a tudu ta kafu ba ta buƙatar ban-ruwa ko kaɗan, damina ta ishe ta.

Gindin da kansa yana ba da labari. A matsa shi da babban yatsa. Idan da tauri, lafiya lau. Idan ya ɗan yi laushi ya yamutse alhali ƙasa a bushe take, ƙishi ne, kuma zai cika cikin 'yan kwanaki bayan an ba shi ruwa. Idan ya yi laushi ƙasa kuma a jiƙe, ruɓa ce, kuma ƙarin ruwa zai ƙarasa ta.

Taki ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗan tsunkule na NPK 15-15-15 a gefen tukunya, nesa da gindi, sau ɗaya a wata lokacin da take girma, ya wadatar. Yuriya tana sa ganye da rassa masu ruwa-ruwa, ba fure. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Lokacin barcinta ba a ba ta komai.

Datsa da ɗaga gindi

Fure yana fitowa ne a ƙarshen reshe, saboda haka yawan rassa shi ne yawan fure. Ƙariyar da ba a taɓa datsa ba takan miƙe da reshe ɗaya ko biyu dogaye, ta yi 'yan furanni a can sama. Idan aka yanke reshe, sabbi biyu ko uku sukan fito a ƙasan yankan cikin mako biyu zuwa uku, su kuma yi fure bayan wata biyu ko uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, da zarar ɗumi ya fara shigowa. Ba a yanka a cikin marka. Wuƙa ko reza ta kasance mai kaifi, a goge ta da sifirit kafin a koma kan wata shukar, a yi yankan a karkace don kada ruwa ya zauna, sannan a barbaɗa toka, garin gawayi ko farar wuta a kai.

Siffar nan ta murɗaɗɗun saiwoyi a saman ƙasa da ake gani a hotuna ba haka kawai take zuwa ba. Kowace shekara ɗaya ko biyu, lokacin sauya tukunya, ana ɗaga shukar santimita 2 zuwa 3 sama da inda take a da, sai kaurin da ke ɓoye ya bayyana. Ana daina ban-ruwa kwanaki kaɗan kafin aikin, a zare ta, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a yanke siraran saiwoyin da za su kasance a waje da duk wadda ta mutu, a ajiye ta a inuwa kwana 3 zuwa 7 har raunukan su bushe, sannan a dasa a busasshiyar ƙasa. Ba a ba ta ruwa sai bayan kamar mako guda. Sashen da aka fito da shi fari ne, bai saba da rana ba, don haka a rufa masa tsumma ko a bar shi a inuwa har ya yi duhu. Manoman Tailan sukan wuce nan: suna yanke uwar saiwar ƙaramar shuka, su zaunar da gindin a kan faifan roba, sababbin saiwoyi su bazu a kewaye maimakon su nutse.

Ƙwari da ruɓa

Darɓa mai launin rawaya, irin wadda ake gani a jikin tumfafiya, tana taruwa a kan toho da furen da bai buɗe ba. Akwai kuma wani farin ƙwaro mai gari-gari da ke maƙalewa a hammatar ganye, wani lokaci har cikin saiwa. Yawan zirga-zirgar tururuwa a jikin shukar alama ce ta ɗaya daga cikin biyun nan. Da rani wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai sukan yi siririyar saƙa a bayan ganye, ganyen ya yi ɗige-ɗige ya koɗe. Dukkansu ana maganinsu da fesa ruwa mai ƙarfi, sannan ruwan sabulu marar yawa ko man darbejiya, da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan mako guda. Wata ƙatuwar koriyar tsutsa tana iya cinye ganyen ƙaramar shuka cikin kwana biyu, dafin bai dame ta ba. Wannan da hannu ake tsince ta.

Ruɓa ta fi su duka haɗari, amma idan an gan ta da wuri ana ceto shukar. A zare ta daga tukunya, a wanke saiwa, a nemi inda ya yi laushi ko ya yi baƙi. A yanke wurin da wuƙa mai tsabta, a duba fuskar yankan. Lafiyayyen nama fari ne tas. Muddin ana ganin ɗigo ko zare mai launin ƙasa-ƙasa a ciki, ruɓar ba ta ƙare ba, a goge wuƙa a ƙara yanka, ko da za a rasa rabin gindin. Tausayi a wannan mataki shi ke jawo asarar shukar baki ɗaya. Idan an kai fari zalla, a shafa farar wuta ko garin gawayi, a rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa na mako ɗaya zuwa biyu har wurin ya bushe ya yi ɓawo, sannan a dasa a sabuwar ƙasa. Idan gindin ya tafi gaba ɗaya, rassan da ke da tauri ana iya yanke su a dasa.

Hanyoyin yaɗa ta

Dasa reshe ita ce hanya mafi sauƙi, kuma da ita ƙariya ta bi gida-gida a garuruwan Arewa. A yanki reshe mai tauri tsawon santimita 15 zuwa 20, a cire yawancin ganyen, a bar shi a inuwa kwanaki har bakin yankan ya bushe, a soka shi cikin yashi mai ɗan danshi. Yakan yi saiwa cikin mako 3 zuwa 6 a lokacin zafi. Furensa zai zama daidai da na uwar, kuma yana fara yi da wuri. Aibinsa ɗaya: ba ya yin kumburarren gindin nan mai kyau tun farko. Sai bayan shekaru saiwoyinsa ke yin kauri a ƙarƙashin ƙasa, a riƙa ɗaga su sannu a hankali.

Mai son gindi sai ya shuka iri. Ana kwantar da ƙwayar a kan ƙasa mai yashi, a rufe ta da ƙasa 'yar kaɗan, a ajiye a wuri mai haske da ɗumi. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda, kuma tun yana da ganye huɗu ake ganin ɗan cikinsa ya fara tasowa. Jarirai ba su da ajiyar ruwa tukuna, saboda haka ba a barin ƙasarsu ta bushe ƙarau a watannin farko. Sukan fara fure a shekara ta farko ko ta biyu. Sai dai ɗan iri ba lallai ya gaji uwarsa ba: ƙwayar da aka ɗebo daga mai ja mai ninki tana iya ba da ruwan hoda na gama-gari. A nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa a intanet, suna tallan irin ƙariya shuɗiya ko mai launin bakan gizo. Babu ƙariya shuɗiya ta gaskiya. Hotunan gyara su aka yi a kwamfuta.

Aure shi ke haɗa amfanin hanyoyin biyu, kuma kusan duk masu tsada da ke kasuwa 'yan aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ana samun ɗan iri mai kyan gindi, a yanke reshensa a kwance. A yanko guntun reshen wadda ake son furenta, tsawon santimita 2 ko 3 mai ido ɗaya ko biyu, a share ruwan da ke tsiyaya, a zaunar da shi daidai a kan yankan. A lulluɓe da farar leda a ɗaure tamau, a ajiye a inuwa kwana 10 zuwa 14. Idan ya kama, idon zai kumbura ya yi toho. Daga nan duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗar a cire shi, domin na gindin ne, kuma idan aka bar shi zai rinjayi baƙon.

Samun iri a gida shi ne abin da ya fi wuya. Karin maganar da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya ta dace da abin da ake gani a jikin wannan itaciya a cikin gari, inda takan shekara tana fure ba kwafsa ko ɗaya. Tana 'ya'ya, amma sai an cika sharuɗɗa biyu. Na farko, wurin da ke karɓar garin barbara a ɓoye yake can cikin wuyan furen, ƙarƙashin wani ɗan murfi, sai ƙwaro mai dogon baki ke kai wa gare shi. Na biyu, da yawa daga cikinsu ba sa karɓar garin jikinsu, alhali ƙariyoyin unguwa guda sau da yawa rassan uwa ɗaya ne, wato a haƙiƙa shuka ɗaya ce a gidaje daban-daban. Mai son iri sai ya nemi biyu da ba su haɗa uwa ba. Ya tsaga wuyan furen ta gefe, ya buɗe murfin, ya lakato garin da tsinken sakace ko siririn burushi, ya kai shi ƙarƙashin kan macen furen ɗaya shukar, sannan ya rufe tsagar da salatif.

Idan barbarar ta kama, furen zai faɗi, kwafsa biyu masu siffar ƙaho su fito a manne ta gindi, tsawon kowace yakan kai taƙi guda. Suna nuna cikin wata 2 zuwa 3. Kowace ƙwaya siririya ce, tsawonta kamar santimita 1, da tuntun gashi a kowane gefe, kuma ranar da kwafsar ta tsage iska ke kwashe su duka. Shi ya sa ake naɗe ta da zare ko siririyar waya tun kafin ta bushe, ko a sa mata jakar gidan sauro. Bayan ta tsage a cire gashin, a shanya ƙwayar a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Irin ƙariya ba ya jure ajiya: ƙarfin tsirarsa yana raguwa sosai cikin 'yan watanni, musamman a ɗaki mai zafi, don haka a shuka shi da wuri, wanda ya rage kuma a sa shi a takarda cikin kwalba mai murfi a wuri mai sanyi.